Doom Eternal ya kamo ƙafar Doom na 2016 kuwa?

“Assalamu alaikum. Na gama Doom na 2016, ban taɓa buga gem ɗin harbi da ya shiga raina kamarsa ba. Da na fara Doom Eternal sai abin ya ba ni haushi: harsashi ba ya isa, kowane lokaci ana tsayar da ni ana koya mini yadda zan kashe dodo, ga tsalle da hawa bango. Abokaina sun rabu biyu, wasu na cewa Eternal ya ninka na farko, wasu na cewa an lalata shi, har musun ya fara zama faɗa. Ni na tsaya a mataki na uku. Don Allah wa ke da gaskiya, kuma in ci gaba ko in haƙura?”

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya: ko Eternal ya cancanci gadon na 2016, da kuma ko kai ya dace ka ci gaba da shi. Ta biyun ba ta da wuya, amma sai an warware ta farkon amsarta za ta fito. Na daɗe ina buga irin waɗannan gem da ake kallon duniya ta idon mai riƙe da bindiga, tun daga tsohon Doom, kuma ina gina matakai na kaina a kan injin Doom II ina ba abokai su gwada. Mafi yawan abin da zan faɗa daga wannan aikin na koyo shi, domin wanda ya saba ajiye harsashi da dodanni a fili da hannunsa yana ganin dalilin abubuwan da mai bugawa yake jin zafinsu kawai.

Hukuncina tun da wuri shi ne: a fagen faɗa Eternal ya fi zurfi nesa ba kusa ba. A yanayi da labari da yadda gem yake jan mutum daga farko zuwa ƙarshe, na 2016 ne a gaba. Haushin da ka ji kuwa na gaske ne, yana da tushe a yadda aka gina gem ɗin, kada wani ya ce maka rashin iyawa ne kawai.

Yadda na 2016 ya sami shiga

Kafin fitowarsa a Mayun 2016 mutane ba su sa rai da shi sosai ba. Doom 3 na 2004 ya riga ya kai jerin wata hanya dabam, duhu da tsoro da tafiyar hawainiya, har mutum ba ya iya riƙe tocila da bindiga lokaci guda. Kamfanin id Software ya share shekaru yana aikin Doom na huɗu, daga baya ya watsar ya sake sabon lale. Gwajin ɓangaren buga wa juna ta intanet da aka buɗe gab da fitowar bai burge jama'a ba, kuma Bethesda, kamfanin da ya fitar da shi kasuwa, ba ta ba masu sharhi gem ɗin ba sai ranar da ya fito, abin da mutane suka saba ɗauka a matsayin alamar rashin kyau. Sai ga shi an kunna an tarar da abu mai gudu, mai nauyi, da kiɗan Mick Gordon yana tashi yana sauka tare da faɗan. Wani kaso na soyayyar da ake yi masa daga wannan mamakin ya fito, kuma babu magajin da zai iya maimaita mamaki. Eternal ya fito a Maris na 2020 ana jiransa ruwa a jallo, kowa da hoton da ya zana a ransa.

Mamaki dai ba shi kaɗai ba ne. Na 2016 ya zo da ƙa'ida guda mai sauƙin ganewa: idan jininka ya yi ƙasa, ka matsa gaba. Dodo ya jigata ya fara ƙyalli, ka ƙarasa shi da hannu, jini ya zubo maka. Wannan ya juya abin da gem ɗin harbi na wancan zamanin suka koya wa mutane, wato laɓewa a bayan bango har jini ya dawo da kansa. Bayan wannan ƙa'idar sai ya sakar maka mara. Harsashin bindiga mai baki biyu yana farawa daga 20, kana iya kai shi 60. Akwai ƙaramar bindiga da harsashinta ba ya ƙarewa. Akwai ma wata baiwa da ake samu wadda, muddin sulkenka ya kai wani adadi, harbinka ba ya cin harsashi ko ɗaya. Mutane da yawa sun gama rabin gem ɗin na ƙarshe da makami biyu, mai baki biyu da babbar bindigar nan mai suna Gauss, ba su waiwayi sauran ba, kuma sun ji daɗinsu.

Inda aka raba gari

Abin da mai bugawa yake kira 'yanci, wanda ya gina gem yana kallonsa a matsayin ɓaraka. Na ga haka a matakan da nake ginawa. Idan na ba mai gwaji bindiga mai baki biyu na cika masa fili da harsashinta, ba zai sake taɓa wani makami ba, ko da na ajiye masa roka a gabansa. Zai sami lungu guda mai ƙofa ɗaya, ya jira dodanni su zo masa ɗaya bayan ɗaya. Duk wahalar da na sha wajen tsara filin ta tafi a banza, shi kuma bayan wani lokaci ya ce mini matakin ya gundure shi, bai san hanyar da ya zaɓa ce ta gundure shi ba. Idan na rage harsashin sai ya fara yawo, ya fara canza makami, faɗan ya yi rai. Sai dai cikin masu gwajin kullum akwai wanda zai ji an takura masa ya ajiye ya tafi. Waɗannan mutane biyu su ne abokanka da suka rabu.

Hugo Martin, wanda ya jagoranci Eternal, da abokan aikinsa sun zaɓi ragewar, kuma sun yi ta ba sassauci. Harsashin bindiga mai baki biyu ya koma 16 a farko, iyakarsa 24. Ƙaramar bindigar an cire ta gaba ɗaya. A madadin haka aka mayar da dodanni su zama rumbun kayanka. Kana son harsashi, ka tsaga ƙaramin dodo da zarton inji, wanda mansa na farko yake dawowa da kansa bayan ɗan lokaci. Kana son sulke, ka fesa musu wuta daga bututun da ke kafaɗarka kafin ka kashe su. Kana son jini, ka ƙarasa su da hannu kamar da. Shi ya sa ƙananan dodanni ba sa ƙarewa a fili muddin manyan suna raye: an ajiye su ne don ka ci daga jikinsu. Wanda ya shigo da ɗabi'ar 2016, inda zarto abu ne da ake adanawa don ranar wuya, zai yi ta ganin bindigarsa fanko yana tsine wa gem ɗin, alhali maganin yana ƙarƙashin yatsansa. Ina kyautata zaton nan ne matsalarka ta farko take.

Sannan aka ba manyan dodanni raunin da ake nema. Arachnotron yana da bindiga a bayansa, ka karya ta ya rage barazana daga nesa. Revenant yana da bututun roka biyu a kafaɗa, Mancubus yana da su a hannuwa. Cacodemon idan ya haɗiyi gurneti nan take yake jigata. Masu garkuwar lantarki bindigar Plasma ce ke fasa garkuwarsu. Aka ƙara maka zillewa sau biyu a jere, a ƙasa ko a iska, da ƙugiya a bakin bindiga mai baki biyu da ke fizgarka zuwa wurin dodo. Haɗa waɗannan duka sai ka ga kowace daƙiƙa tana da tambaya: me ya fi ƙaranci a jikina, wa ya fi haɗari a fili, wane makami ne nasa, ina zan sauka bayan na harba. Bambancin kamar na mota mai canza giya da kanta ne da wadda kai ke canzawa. Ta farko kana shiga ka tafi. Ta biyu za ta yi ta mutuwa a hannunka a makon farko, amma ranar da ƙafa da hannu suka saba za ka ji motar tana amsa maka ta hanyar da waccan ba ta taɓa yi ba.

Masu cewa Eternal yana tilasta maka hanya ɗaya tak suna da gaskiya a awannin farko, ba su da ita a ƙarshe. A farko makamanka kaɗan ne, don haka kusan dole ka jefa wa Cacodemon gurneti. Idan kayan sun cika, akwai hanyoyi da yawa na kawar da shi, kuma ƙwararru ba sa ma tsayawa neman raunin kowane dodo. Sun gano cewa idan ka harba makami mai nauyi ka canza zuwa wani nan take, ka tsallake jiran da ke tsakanin harbi da harbi, sai su riƙa jera mai baki biyu da Ballista, wata babbar bindiga mai harbi ɗaya-ɗaya, suna narkar da manya cikin ƙiftawar ido. 'Yancin yana nan, an dai ajiye shi a bayan ƙofar da sai ka sha wuya za ta buɗe. A ganina babban laifin gem ɗin shi ne yadda ya koyar da wannan. Allon bayani da ke tsayar da wasa ya nuna maka raunin dodo tun kafin ka gan shi yana kashe daɗin ganowa, kuma yana sa mutum ya ɗauka hanyar da aka nuna ita kaɗai ce.

Maganar Marauder

Ba a yin wannan musun ba a ambaci Marauder ba, kuma za ka haɗu da shi a mataki na shida. Yana da garkuwa da ke tare kusan duk abin da ka harba masa kai tsaye. Ka matso kusa ya harbe ka da bindiga, ka yi nisa ya jefo maka wutar gatarinsa, ka yi ta dukan garkuwar ya sako maka kare. Sai ka tsaya a tsaka-tsaki, ya ɗago gatari idanunsa su yi kore, a wannan ɗan lokacin ne harbi ke shigarsa.

Masu kare shi suna cewa ai dodo mai juya faɗa ba sabon abu ba ne a Doom, suna kawo Arch-vile na Doom II, wanda yake tayar da matattu kuma yake ƙona ka idan bai rasa ganinka ba. Na yi amfani da Arch-vile sosai a matakaina, kuma kwatancen bai cika ba. Arch-vile yana sa ka gaggawa: ko ka ɓuya ko ka kashe shi yanzu, kuma duk lokacin da ka harbe shi harbin yana shiga. Marauder jira yake sa ka. Gem ya share awanni yana koya maka kada ka tsaya, sannan ya kawo wanda sai ya ga dama za ka taɓa shi. Wannan saɓanin shi mutane ke ji a jikinsu ko ba su iya faɗarsa ba. Duk da haka ba na cikin masu son a cire shi. Idan aka jefa shi cikin taro yana tilasta maka ka riƙa lissafin tazara da shi alhali kana fama da wasu, kuma wanda ya iya canza makami da sauri yana gamawa da shi a buɗewa biyu ko uku. Ƙyamar da ake yi masa dai ba ta rasa hujja ba.

Abin da aka yi asara

A nan zan tsaya tare da abokanka masu fushi. Na 2016 ya san darajar shiru. Jarumin ba ya magana, ba ka ganin fuskarsa, hannuwansa kawai kake gani. A mintunan farko Samuel Hayden, shugaban tashar da labarin ke gudana a cikinta, ya fara yi masa bayani ta allo, ya ture allon gefe. Daga baya aka roƙe shi ya cire wasu na'urori a hankali, ya sa ƙafa ya farfasa su. Da wannan kaɗai ka san waye shi, kuma ka ji kai da shi ra'ayinku ɗaya game da dogon surutu. Tashar da ke duniyar Mars wuri ne da za ka yarda mutane sun yi aiki a cikinsa kafin bala'i ya sauka, kana ratsa ta daga sashe zuwa sashe kana jin kana nutsewa.

Eternal ya fitar da kyamara daga idonsa yana nuna maka shi daga waje, ya ba shi tarihi da sarauta da fada a sararin sama, ya cika gem ɗin da sunayen ƙabilu da masarautu waɗanda sai ka zauna karatun shafuka kafin ka gane su. Mutumin da ya ture allo don kada a dame shi da labari ya koma tsayawa ana yi masa jawabi. Wurare sun yi kyau ƙwarai, sun fi na da yawa da launi, amma kana tsalle daga wannan duniya zuwa waccan ta ƙofar tsafi, ba ka jin tafiya. Makamai suna shawagi a iska cikin haske, ga ƙarin rai da ake tsinta a hanya, ga sandunan lilo a tsakiyar kango. An yi haka da gangan don ido ya gane komai cikin gudu, kuma yana aiki, sai dai ya tafi da nauyin da na 2016 yake da shi.

Tsalle-tsallen kuwa rabi da rabi ne. Yana koya wa hannu zillewa da lilo, waɗanda za ka buƙata a fili, amma an yawaita shi, kuma wuraren da ake zuba maka kwata mai hana gudu da tsalle ko a sa ka iyo ba su ƙara komai ba.

Ba a kan Doom aka fara ba

Duk magajin gem ɗin harbi yana tsakanin zargi biyu. Doom II na 1994 ya riƙe injin da salon na 1993, ya ƙara bindiga mai baki biyu da sababbin dodanni, aka ce ƙari ne kawai aka sayar da sunan sabo. Doom 3 ya canza kusan komai, aka ce ba Doom ba ne. Half-Life 2 na 2004 yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira da mutuncinsu, amma har yau akwai masu ganin dogayen tafiye-tafiyensa a jirgin ruwa da mota sun sassauta abin da Half-Life na farko, na 1998, ya ɗaure tamau. A 2025 da Doom: The Dark Ages ya fito da garkuwa da tare duka da tsayawa a ƙasa, wasu daga cikin masoyan Eternal suka shiga irin halin da kake ciki yanzu, suna neman zillewa da shawagin da hannunsu ya saba.

Inda nake ganin fushi ya fi cancanta shi ne idan magaji ya share wanda ya gada. Overwatch 2 ya maye gurbin na farko a 2022, ya mayar da ƙungiya daga mutum shida zuwa biyar. Counter-Strike 2 ya hau kujerar wanda ya gada, Global Offensive, a Satumban 2023. Wanda ya fi son tsohon a lokacin ya wayi gari an ɗauke masa filin da ya saba. Kai ba haka abin yake gare ka ba. Na 2016 yana nan yadda ka bar shi, Eternal bai rage masa komai ba, don haka musunku bai kai abin ɓata zumunci ba.

Ka ci gaba ko ka haƙura?

Ka tsaya a wuri mafi muni da za a yanke wa gem ɗin hukunci. Mataki na uku, Cultist Base, nan ne wuya take tashi alhali kayanka ba su cika ba, kuma a cikinsa ne za ka karɓi bindiga mai baki biyu da ƙugiyarta, wadda take canza yadda kake yawo a fili gaba ɗaya. Shawarata ka ba shi zuwa ƙarshen mataki na shida, ARC Complex. Kafin nan ka sami Ballista, ka ratsa Super Gore Nest inda faɗan yake fara nuna ainihin kamanninsa, ka kuma gwada Marauder da hannunka.

Kafin ka koma ka gyara abubuwa kaɗan. Shiga saiti ka kashe allon koyarwa. Idan a matakin wuya na Ultra-Violence ka fara don a nan ka gama na 2016, sauko zuwa na ƙasa da shi, Hurt Me Plenty, ana iya canzawa a tsakiyar wasa kuma babu abin kunya a ciki. Lu'ulu'un ƙarin ƙarfi na farko da za ka samu ka zuba su a harsashi. Ka mayar da zarto abin dannawa da zarar makami biyu sun yi ƙasa, kada ka jira sai komai ya ƙare, kuma duk lokacin da ka ga ƙananan dodanni sun taru ka fesa musu wuta kafin ka taɓa su. Abin da na lura da shi a wurin masu gwada matakaina, kuma ya dace da nan, shi ne mai mutuwa da yawa yakan kasance mai kallon dodon da ke gabansa ne kawai. Ka riƙa kewaya filin ta gefe, ka san inda sandar lilo da tudu suke tun kafin manyan su fito.

Akwai iyakar da ya kamata ka sani game da hukuncina. Da kibod da maus nake bugawa, inda kowane makami yake da maɓallinsa a kusa da yatsa, kuma Eternal ya fi sakin jiki a haka. Mai riƙe da abin bugawa na PlayStation ko Xbox yana dogara ne da da'irar zaɓen makami, wadda take rage gudun wasan duk lokacin da aka buɗe ta, kuma harbin ƙaramin rauni daga nesa ya fi masa wuya. Idan kai ma haka kake bugawa, wani ɓangare na takurar daga nan yake, sai ka mayar da tsalle da zillewa kan maɓallan da ba sai ka ɗaga babban yatsa daga sandar duba ba. Maganata kuma a kan ɓangaren labari da mutum ke bugawa shi kaɗai take, ban sa Battlemode, wato ɓangaren buga wa juna ta intanet na Eternal, ko ɓangaren intanet na 2016 a ma'auni ba. Sannan ni mutum ne da ke jin daɗin gem mai matsa mini lamba, kuma wannan ra'ayi ne, ba hujja ba. Idan ka kai ƙarshen ARC Complex ka ga hannunka ya iya amma ranka bai so ba, to abin da kake nema a gem ɗin harbi shi ne nauyi da kaɗaici da sakewar da na 2016 ya ba ka, kuma matakai bakwai da suka rage ba za su dawo maka da su ba. Ka ajiye shi, ka koma na 2016 a matakin wuya na Nightmare, wannan karon ka hana kanka Gauss da baiwar harsashi marar ƙarewa.